Sau Biyu JAMB Ta Kayar da Ni: Ina Zan Samo Ƙarfin Zuciyar Sake Zama?

TAMBAYA

Ni matashi ne daga Funtuwa, shekarata ashirin. Na gama sakandare da kiredit ɗina cikakku, kuma tun ina yaro burina in karanta likitanci. Na zauna jarrabawar JAMB sau biyu. A ta farko na samu 171, a ta biyu 178. Abokan da muka gama tare wasu har sun shiga aji biyu a jami'a. Mahaifina manomi ne, da kuɗin masara ya biya mini fom da lesin duka sau biyun. Bai taɓa yi mini faɗa ba, kuma wallahi shirun nan nasa ya fi duka ciwo. Yanzu na daina fita majalisa, barci ma sai ɓarawo, in na ga littattafan gabana faɗuwa yake yi. Yayata ta ce in sake, ni kuma ina tsoron in sake cinye kuɗin Baba a banza. Shin ƙwaƙwalwata ce ba ta ja, ko kuwa abin ba rabona ba ne? Ina mutum yake samo ƙarfin zuciyar sake gwadawa?

Wani ɗalibi daga Funtuwa

AMSA

Allah ya yaye maka wannan ƙunci, ya saka wa mahaifinka da alheri. Wasiƙarka ta taɓa ni, musamman inda ka ambaci shirun Baba, kuma zan zo kan wannan. Amma bari mu fara da makin, tunda shi ya hana ka barci.

A jarrabawar 2025, ɗalibai kusan miliyan 1.95 ne suka zauna. A sakamakon farko da hukumar JAMB ta fitar, sama da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Ka ga ke nan, a cikin kowane mutum huɗu, uku suna wannan ɓangaren da kake. A shekarar ce kuma shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida har da hawaye, ya amsa cewa tangarɗar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas, aka sake musu jarrabawar. Ban kawo maka wannan don ka ɗora wa kwamfuta laifi ba, domin tangarɗar ba ta shafi yankinmu ba. Na kawo shi ne don ka san girman abin da lambar nan take aunawa. Tambayoyi 180 ne, cikin awa biyu, a safiya ɗaya. Abin da ka iya yi a wannan awa biyun ta auna. Ba ta da hanyar auna ƙwaƙwalwarka baki ɗayanta, balle rabonka.

Ka kuma sani cewa ita wannan jarrabawa ta tantancewa ce, tana jera mutane daga sama zuwa ƙasa saboda guraben sun yi wa masu nema kaɗan. A 2025 mafi ƙarancin makin da aka amince da shi na shiga jami'a 150 ne, na kwalejojin kimiyya da fasaha da kwalejojin ilimi kuwa 100. Sai dai kowace jami'a tana da ikon ɗaga nata, kuma kowane sashe yana da nasa layin. Makinka ya wuce waccan ƙofar ta farko. Abin da bai kai ba shi ne layin likitanci, kuma ba zan ɓoye maka ba, tazarar da ke tsakaninsu mai yawa ce.

Yanzu ga ainihin tambayarka. Kana jira ƙarfin zuciya ya zo maka tukuna, sannan ka buɗe littafi. A sanina ba haka yake zuwa ba. Tsoron da kake ji yana da hujja, kuma hujjar tana cikin lambobin da ka rubuto mini. Daga 171 zuwa 178 maki bakwai ne, a shekara guda cur. Wannan yana nuna cewa abin da ka yi a karo na biyu shi ne abin da ka yi a karo na farko, wataƙila da ƙarin awoyi da ƙarin damuwa. Zuciyarka ta gane haka tun kafin ka gane, shi ya sa take ƙin komawa. In har irin wancan shirin za ka sake yi, to gaskiyarta, domin 185 za ka samo. Tsoron zai fara raguwa ne ranar da ka iya nuna wa kanka da yatsa inda makin ya zube, ka kuma san abin da za ka sauya.

Akwai wani bincike da Dashun Wang da abokan aikinsa na Jami'ar Northwestern a Amurka suka buga a mujallar Nature a 2019. Sun bi diddigin dubban ɗaruruwan takardun neman tallafin binciken lafiya, da tarihin sababbin kamfanoni, don su ga me ya raba waɗanda suka faɗi suka ci daga baya da waɗanda suka yi ta faɗuwa har suka bari. Abin da suka gano shi ne yawan gwadawa bai raba su ba, dukansu sun gwada sau da yawa. Masu cin nasara su ne waɗanda a kowane zagaye suke riƙe ɓangaren da ya yi kyau, su gyara wanda ya lalace. Sauran kuwa sai su rushe komai su fara daga tushe. Saboda haka in aka ce maka "ka dage kawai", rabin shawara aka ba ka.

To, ɗauko takardun sakamakon nan biyu. Na san ka ɓoye su inda ba za ka riƙa ganinsu ba. Jimillar kaɗai ka rubuto mini, alhali sakamakon yana nuna makin kowane darasi daban: Turanci, Bayoloji, Kimistiri da Fizik, kowanne a kan ɗari. Mai 178 da ya samu 60 a Bayoloji da 32 a Fizik ciwonsa daban ne da na mai 178 da ya samu arba'in da 'yan kai a kowanne. Na farkon darasi ɗaya ko biyu ne suka ja shi ƙasa. Na biyun akwai abin da yake cin makinsa ta ko'ina, kuma a yankinmu sau da yawa wannan abin Turanci ne.

Zan ɗan tsaya a nan, domin wannan matsalar tana sa yara masu basira su yi wa kansu hukuncin daƙiƙanci. Da yawa daga cikin 'ya'yanmu sun koyi kimiyya ne ta hanyar malami ya rubuta bayani a allo da Turanci, ya fassara da Hausa, su kwafa, su haddace. Yaron ya san yadda jini yake zagaya jiki, zai iya yi maka bayaninsa tiryan-tiryan da Hausa. Amma in aka juya masa tambayar da wani salon Turanci, aka sa masa amsoshi huɗu masu kama da juna, aka ɓoye wata ƙaramar kalma mai nufin "ban da" a tsakiyar jimla, sai ya zaɓi kishiyar abin da ake nema. Wannan yaron ya san darasin, harshen tambayar ne ya kayar da shi. Kuma Turanci shi ne darasin da ya fi kowanne yawan tambayoyi, guda 60, sauran kuwa 40 kowanne. Idan nan ne ciwonka, ƙarin haddar Bayoloji ba zai warkar da shi ba. Maganinsa karatun Turanci kullum, jarida ko littafin labari, da ƙamus a gefe, da karanta littafin da hukumar ta ware wa jarrabawar Turanci daga bango zuwa bango, ba taƙaitaccen bayaninsa da ake sayarwa ba.

Sai lokaci. Raba minti 120 ga tambayoyi 180, za ka ga kowace tambaya daƙiƙa arba'in take da shi. Wanda ya tsaya minti uku a kan lissafin Fizik guda ɗaya ya cinye rabon tambayoyi huɗu. Tun 2015 aka mayar da jarrabawar gaba ɗaya kan kwamfuta, kuma har yau akwai ɗaliban da ranar jarrabawa ce ranar farko da suka zauna gaban kwamfuta na tsawon awa biyu. Tambayi kanka tsakani da Allah: ka gama amsa duka tambayoyin kafin lokaci ya cika? Tambayoyi nawa ka cike da canki-canka a mintunan ƙarshe? Hukumar tana shirya jarrabawar gwaji kafin ta gaskiya. In ba ka taɓa yin ta ba, bana ka yi.

Game da yadda ake karatun kansa, ba sai mun je nesa neman misali ba. Dubi makarantar allo. Almajiri ba ya wanke allonsa don ya yi ta kallonsa sau ɗari. Sai ya kife shi, ya kawo karatun da ka a gaban malam, in ya yi tuntuɓe a gyara masa, ya koma. Bayan ya wuce ma ba ya barin na baya, yana yin tishi lokaci zuwa lokaci don kada ya zube. Masana halayyar ɗan Adam sun gwada wannan hanya. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka nuna cewa ɗaliban da suka karanta rubutu sannan aka sa su tuno shi da ka, sun fi riƙe shi bayan mako guda a kan waɗanda suka yi ta maimaita karanta shi, duk da cewa masu maimaitawar sun fi jin cewa sun iya. A nan yaranmu suke ruɗuwa. Maimaita karatu yana da daɗi, yana sa ka ji ka ƙware. Rufe littafi ka amsa tambaya yana da ɗaci, domin yana tona maka abin da ba ka sani ba. Amma gara ya tonu a ɗakinka da ya tonu a zauren jarrabawa.

Saboda haka ga abin da nake so ka fara da shi, tun kafin ka yanke hukuncin sake zama ko fasawa. Samo tsofaffin tambayoyin shekara ɗaya, ka sa agogo awa biyu, ka amsa su ba tare da leƙa littafi ba. In ka gama ka duba amsoshin, sannan a gaban kowace wadda ka faɗi ka rubuta dalili: ban san darasin ba, ko ban gane tambayar ba, ko gaggawa ce, ko lokaci ne ya ƙare. Wannan takardar ta fi kowane lesin da aka taɓa biya maka amfani, domin ita ce za ta gaya maka irin taimakon da kake buƙata. Manhajar kowane darasi kuma tana shafin hukumar na intanet kyauta. Ka bi ta babi-babi kana yi wa abin da ka iya alama.

Ka tambaye ni ko abin ba rabonka ba ne. Rabo gaskiya ne, kuma abin da Allah bai rubuta maka ba ba za ka same shi ba. Sai dai babu wanda aka nuna wa abin da aka rubuta masa, don haka ba ka da hurumin yanke wa kanka hukunci da sunan ƙaddara alhali ba ka gama bin sababi ba. Ka tuna Uhudu, a shekara ta uku bayan Hijira. Musulmi sun fara da rinjaye, sai mafi yawan maharba hamsin ɗin da aka ajiye a kan tudu ƙarƙashin Abdullahi bin Jubair suka sauko, Khalid bin Walid ya zagayo da dawakai ta baya. Sahabbai saba'in suka yi shahada, har da Sayyidina Hamza, aka kuma ji wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ciwo. Ayoyin Suratu Ali Imrana da suka sauka a kan wannan rana sun tabbatar da cewa da izinin Allah abin ya faru, kuma sun ambaci kuskuren da aka yi a fili, ba su rufe shi ba. Washegari aka yi shelar fita bin sawun abokan gaba zuwa Hamra'ul Asad, kuma waɗanda suka halarci Uhudu aka kira, da raunukansu ba su warke ba. Ba a jira sai zuciya ta huce ba. Imani da ƙaddara, da bincikar kuskure, da sake fita, duka uku a wuri ɗaya suka zauna.

Yanzu maganar likitanci, wadda na san ba za ta yi maka daɗi duka ba. Babu kwas ɗin da ya fi shi cunkoso. Hukumar kula da likitoci ta ƙasa tana ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka, don haka ko masu maki mai yawa ana barin wasunsu a waje kowace shekara. A jami'o'in tarayya ana raba gurabe ne kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, kashi 35 ga yankin da jami'ar take yi wa hidima, kashi 20 ga jihohin da aka bari baya a ilimi, kuma jiharku Katsina tana cikinsu. Wannan yana taimaka maka, amma ba zai ɗauke ka daga 178 ya kai ka ajin likitanci ba. In kana son wannan ƙofar, tsalle babba ake buƙata, kuma ana yin sa, amma ga wanda ya sauya salon shiri gaba ɗaya.

Ina so ka yi wa kanka wata tambaya a keɓe. Me kake so a likitancin? In kula da marar lafiya ne, to asibiti ba likita kaɗai ke riƙe da shi ba. Akwai aikin jinya, da kimiyyar gwaje-gwajen asibiti, da harhaɗa magunguna, da ɗaukar hoton cikin jiki, da gashin ƙashi, da kiwon lafiyar al'umma. Wasunsu su ma suna da cunkoso, wasu da sauƙi. Duk wanda ya taɓa kwana da marar lafiya a asibitin karkara ya san wanda yake tsaye a kansa da tsakar dare. In kuma ka bincika ka ga likitancin ne dai ba wani ba, to ka neme shi, amma ka sa wa kanka iyaka tun yanzu: in makin bana bai kai ba, zan sauya zuwa kwas kaza a makaranta kaza. Hukumar tana ba da damar sauya kwas da makaranta bayan fitowar sakamako, kuma makin shekara ɗaya ba ya aiki a shekara ta gaba. Sau biyu ke nan ka bar makin da zai iya shigar da kai wani wuri ya lalace. Kada a yi na uku. Mutumin da ya shiga zauren jarrabawa yana sane da cewa yana da mafita ta biyu hannunsa ba ya rawa kamar na wanda ya ɗora rayuwarsa duka a kan awa biyu.

Akwai kuma hanyar da take a garinku. Jami'ar Ahmadu Bello tana da makarantar share fagen shiga jami'a a nan Funtuwa, kuma ita ce jami'ar da take kula da shirin IJMB, wanda mai kyakkyawan sakamako a cikinsa yake neman shiga aji biyu kai tsaye. Ya fi fom ɗin JAMB tsada, kuma shi ma likitanci ta wannan hanya sai mai sakamako na ƙoli. Amma karatu ne a aji, gaban malamai, da ɗakin gwaje-gwaje, wanda zai iya cike maka giɓin da sakandare ta bari. Ka taka da ƙafarka ka je ka yi tambaya a ofishinsu.

Ka yi nesa da duk wanda ya ce zai ƙara maka maki ko ya samo maka tambayoyi kafin ranar jarrabawa. Irinka suke farauta, mai ciwon faɗuwa biyu. Kuɗin zai tafi, kuma in aka kama ka sakamakon ma ya tafi.

Mu dawo kan Baba. Kai ka fassara shirunsa da fushi ko baƙin ciki, amma ba ka tambaye shi ba. Manomi ne. Ya san shekarar da aka yi shuka ruwa ya ɗauke, ya san takin da aka ci bashi aka zuba ambaliya ta wanke. Mai yiwuwa ya yi shiru ne don yana ganin halin da kake ciki, ba ya son ya ƙara maka nauyi, kai kuma kana gudunsa don kunya, kowa yana tausayin ɗan'uwansa daga nesa. Iyayenmu maza da yawa ba su saba buɗe irin wannan magana da 'ya'yansu ba, don haka kai za ka buɗe ta. Ka same shi bayan sallar isha'i, ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce: "Baba, na duba inda na samu matsala, ga shi, ga kuma abin da nake so in yi bana, ina neman albarkarku." In nauyin bakin ya yi maka yawa, ka fara da Inna ko yayarka su share maka hanya. Kuma ina ba ka shawara kuɗin fom ɗin bana ya fito daga guminka. Funtuwa gari ne na hatsi da kasuwa, matashi mai lafiya ba zai rasa aikin da zai tara wannan kuɗin ba kafin a buɗe rajista a farkon shekara. Hakan zai cire maka tsoron cinye kuɗin Baba, wanda na lura shi ne mafi nauyi a cikin tsoronka, kuma zai fitar da kai daga ɗaki.

Fitar nan tana da muhimmanci. Ka koma cikin mutane. Za a samu mai tambayar "yaya karatu?" da gatse, amma mafi yawa ba su riƙe makinka a kai kamar yadda kake zato ba, kowa da abin da ya dame shi. Abokanka da suke jami'a ma kada ka guje su, sun bi hanyar da kake nema, ka tambaye su yadda suka yi shiri, ka karɓi littattafansu. Shekara biyu a ashirin tana da girma a idonka, amma ajin jami'a cike yake da waɗanda suka girme ka, har da magidanta.

Abu ɗaya ne a wasiƙarka ba zan wuce shi da sauri ba, wato rashin barci da ƙaurace wa mutane. Baƙin ciki bayan faɗuwa ba ciwo ba ne. Amma in ya wuce mako biyu kana kasa barci, abinci ya fita ranka, ba abin da yake yi maka daɗi, ko kuma zuciyarka ta fara raya maka cewa gara ba ka raye, to wannan ya wuce maganar JAMB. Ka gaya wa yayarka ko wani babba da ka amince da shi a ranar, ku je asibiti ku ga likita. Ciwon damuwa ana maganinsa kamar kowane ciwo, kuma addu'a da zuwa asibiti ba sa karo da juna.

Idan ka yi gwajin awa biyun nan, ka sake rubuto mini. Ka turo makin kowane darasi na shekarun biyu, da adadin tambayoyin da suka faɗa ƙarƙashin kowane dalili cikin huɗun da na lissafa maka, sai mu duba tare ko JAMB ta uku ce ta fi dacewa da kai ko makarantar share fage. Ka gaishe mini da Baba. Allah ya yi maka jagora.